Ƙyallen da Ya Rage a Bargon Inna

Wata huɗu ke nan da Gwaggo Suwaibatu ta ce muddin tana numfashi ba zan auri Barakatu ba, kuma a duk tsawon watannin nan ba ta ba ni dalili ko guda ba.

Ita ta raine ni tun daga yaye. Mahaifina, Malam Abdulƙarim na Ƙanƙara, ya rasu ina sakandare. Inna ta bi shi bara, ina can Kudu wajen bautar ƙasa. Baffannina kuwa ba sa ƙetare maganar Gwaggo, saboda haka babu mai zuwa nema mini aure sai ta ɗaga kai.

Ranar da na fara gaya mata, tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta. Na ce yarinyar malama ce a firamaren Yankara, 'yar Malam Labaran mai awon hatsi. Ta ce madalla. Na ce uwarta Kulu, asalinta daga gidajen Maguzawa na bayan Tafoki, ta musulunta kafin ta auri Malam Labaran.

Rariya ta tsaya a hannunta.

"Kulun gidan wa?"

"Gidan Ɗanasabe."

Ta daɗe tana kallon garin dawar da ke cikin ƙwarya.

"Ka nemi wata, Maharazu."

Na yanke wa kaina hukunci cewa ƙyamar asali ce, irin wadda na yi shekara uku a jami'a ina rubuta takardu a kanta. Na kawo mata aya, na kawo hadisi, na kawo tarihi. Duk sanda na gama sai ta ce, "Ka gama karatun? To ka nemi wata."

A nan ne tunanin bargon ya zo mini.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa dubana ido cikin ido a gaban mutane ba. In na zo hutu na durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. Na girma ina zaton kunyar nan ta cinye duk abin da ke ƙarƙashinta.

Sai bayan sadakar arba'in aka buɗe babbar kwallarta, aka tarar da bargon ƙyallaye wanda ba a gama ba. Kowa ya san tana son ɗinkin hannu in ta gama aikin gida, amma babu wanda ya taɓa lura da abin da take haɗawa. Kowane ƙyalle daga tufafina ne. Ga banten kaciyata. Ga kakin firamare da tabon tawada a jikinsa. Ga shuɗiyar rigar Sallar da na yage a kan darbejiya. Shekara ashirin da biyar tana tsintar abin da na yar, tana yanka shi daidai tafin hannu, tana jerawa layi-layi bisa shekaruna.

Layi uku na ƙarshe ta yanka amma ba ta ɗinke ba. Ba ta sa shafi ba, ba ta kalmashe baki ba. A kusurwar farko kuma, inda ya kamata a ce ta fara, ta bar gurbi guda a buɗe.

A wannan zamani da barguna 'yan waje suka cika kasuwa, kowane ma'aikaci yana sayen biyu a ƙarshen wata, babu mai zaman haɗa tsumma. Amma Barakatu na ganinsa ta ce ita za ta ƙarasa. Ni kuwa na lissafa abin kamar yadda nake lissafa taki a ofishinmu na aikin gona a Funtuwa: in Gwaggo ta ga ɗinkin Barakatu ya haɗu da na Inna ba a gane inda ɗaya ya tsaya, zuciyarta za ta yi laushi. Na ɗauki kwallar dungum, ban ko zazzage ta ba, na kai Yankara.

Mako bakwai tana aikin, tsakanin tashi daga makaranta da la'asar.

Sai ga takardarta ta hannun wani direba. Layi biyu ne: in zo ranar kasuwa da hantsi, kuma kada in zo da tsaraba.

Abin da ya fara faɗo mini Alhaji Harisu ne, ɗan kwangilar da ke gina sababbin azuzuwa tun daga Faskari har Sabuwa. Sau biyu yana aiko mutanensa, Malam Labaran yana ce musu yarinya tana da wanda take so, a jira. Amma uba ba ya jira har abada. Na wuce Mairuwa a kan babur ina shirya abin da zan ce in an sallame ni.

Malam Labaran bai fita kasuwa ba. Wannan kaɗai ya ishe ni sanin cewa abin ya fi Harisu girma. Ya amsa gaisuwata a gajarce ya ce in shiga zaure na biyu.

Barakatu na zaune a kan tabarma, bargon a shimfiɗe a gabanta. Ta gama layukan nan uku. Ta sa masa shafin akoko, ta kalmashe gefe uku. Idanunta sun kumbura.

"Sannu da hanya, mutanen jami'a," ta ce. Haka take tsokanata kullum, amma yau muryar ba ta ɗauki wasan ba.

"Me ya faru?"

"Duba aikin tukuna. Ina so wani ya yaba kafin a fara maganar."

Na durƙusa na duba. Na nemi inda allurar Inna ta tsaya, tata ta ɗauka, ban samu ba.

"Ban iya ganewa ba," na ce.

"Kwana tara na yi ina warware ɗinkinta ina mayarwa, don in koyi tazarar hannunta. Innarka ba ta son a ga zare." Ta share fuska da gefen mayafi. "Da ka bar shi a kwallarsa, Maharazu."

"Barakatu, ki yi wa Allah ki faɗa mini."

Ta buɗe tafin hannunta. Wani ɗan ƙyalle ne na saƙi, baƙi wuluk da rini, da jan zare biyu a gefensa. Ban taɓa ganinsa ba.

"A can ƙasan kwallar na same shi, a naɗe cikin kallabi, an ɗaure da zare. Na gwada shi a gurbin da Innarka ta bari, ya zauna cif. Na yi murna. Na fita tsakar gida na ce wa Innata ta zura mini zare, idona ya gaji. Tana ganinsa ta zauna a ƙasa."

"Saboda me?"

"Ita za ta faɗa maka. Ni bakina ba zai iya ba."

Inna Kulu ta shigo da sallama. Mace ce doguwa, mai yawan dariya, wadda kullum take mini tsiya cewa boko ya hana ni cin tuwo da yawa. Yau ba ta zauna nesa kamar yadda suruka ke yi ba. Ta matso, ta ƙura mini ido har na sunkuyar da kai.

"Ɗan nan, a ina anka haihe ka?"

"A Ƙanƙara na tashi, Inna."

"Ban ce inda ka tashi ba."

"An ce Inna ta je gidan iyayenta haihuwar fari. A Tafoki."

"Ranar Alhamis?"

"Haka na ji."

Ta sauke numfashi.

"Ni da Ɗanlami na san ka. Uwarka kuwa ban taɓa jin sunanta na yanka ba, ɗiyar Malam muke ce mata. Ina zan gane ka, ka zo mini da gemu da babur da sunan Larabawa?"

Ta karɓi ƙyallen daga hannun Barakatu ta ɗora a gwiwarta.

"Wanga ƙyallen majanyina ne. Kakata ta saƙa shi, jan zaren nan alamar gidanmu ce. Sa'ad da anka haihe ka, ungozoma ta tatsi nonon uwarka a ludayi ta jefa tururuwa, tururuwa ta mutu. Anka ce nonon ba shi da kyau, kada a ba ka. Anka gwada na akuya, kana amayarwa. Kwana huɗu, ka koma kamar ɗan tsako. Ni kuma a sannan ina gidan mijina na hwari, ɗana ya mutu da sati guda, nono na zuba har zane shina jiƙewa."

Ta tsaya. Barakatu ta juya fuskarta ga bango.

"Wata mata ce ka kawo ka, da hantsi da la'asar, ta bayan gonakin gero don kada a gani. Tana cewa in anka ji ɗan malami ya sha nonon Bamaguza, ubanshi ba shi ƙara ɗaga kai a masallaci. Ni ban ji haushi ba. Ƙirjina na ciwo, kai kana jin yunwa. Ranar da nonon uwarka ya gyaru, na ɗaure ka da majanyin ɗana a bayan matar, na ce su tahi da shi."

Na san hukuncin. Kowane yaron da ya zauna gaban malami ya san shi. Wadda ta shayar da kai uwarka ce, kuma duk abin da ta haifa, kafin ka ko bayanka, ɗan'uwanka ne. Amma na ji bakina yana neman hanya kamar ɗalibin da bai yarda ya faɗi jarrabawa ba.

"Inna, saƙi iri ɗaya yana da yawa. Ana sayar da majanyi, ana aro, ana kyauta. Yara nawa aka haifa ranar Alhamis a Tafoki?"

"Da yawa," ta ce a hankali. "Amma guda na shayar. Kana da tabo a bayan kunnenka na hagu, kamar ƙwayar wake."

Hannuna bai motsa ba. Barakatu ce ta rufe bakinta da mayafi, domin ita ta san tabon. Ta sha yi mini dariya a kansa in na cire hula.

Inna Kulu ta tashi. A bakin ƙofa ta juyo.

"Shekara ashirin da shida ina roƙon Allah ya nuna mini yaron nan ko ya rayu. Ga shi ya nuna mini. Ban san ko in gode ba, ko in yi kuka."

Ta fita ta bar mu.

Hayaniyar kasuwa na shigowa ta saman katanga, ana cinikin awaki, wani yana rantsuwa da kabarin ubansa.

"Na so in ɓoye," Barakatu ta ce. "Wallahi na so. Da ta zauna a ƙasa ta fara ba ni labari, na ce Inna ki yi shiru, babu wanda ya sani sai ni da ke. Na kama ƙafarta. Ka san abin da ta ce? Ta ce ita da ta shigo addinin nan da girmanta, ba za ta zama wadda za ta fara ha'intarsa a gidanta ba."

"Da ban kawo kwallar ba..."

"Da mun yi aure. Da mun haihu. Da wata rana Innata ta zo wankan jego ta ga bayan kunnenka." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Na bi ta kowace hanya, Maharazu. Babu wadda ba ta dawo nan."

"Ni ban yarda ba tukuna."

"Ni ma ban yarda ba. Shi ya sa nake jin tsoron kaina. Shekara biyu ina kallonka da ido ɗaya, yau a ce in sake wani? A ina ake sayar da shi?"

"Ki daina kuka."

"Ka bar ni in yi. Daga yau ko kukan ma sai na yi tunanin wane iri ne ya halatta."

Ta ɗauko ƙyallen daga inda Inna Kulu ta ajiye shi.

"Ban ɗinka shi ba," ta ce, tana miƙo mini ƙyallen. "Innarka ta yi shekara ashirin da biyar ba ta iya sa shi ba. In ta sa, ta tona asiri. In ta yar, ta yi butulci. Ni wace ce da zan yanke mata?"

Malam Labaran ya yi gyaran murya daga zauren waje. Na fita na durƙusa.

"Ka ji komi?"

"Na ji, Baba."

"Jiya na tahi wajen malaminmu. Ya ce maganar mace guda ba ta yanke hukunci ita kaɗai, sai an samu ta biyu da ta gani da idonta. Uwarka ta riga mu gidan gaskiya. Saura matar da ta yi ta kai ka. Kulu ta ce gajera ce, mai wushirya, tana aure gidan wani mai gishiri a Tafoki."

Auren Gwaggo na fari a Tafoki ne. Wushiryarta kuwa har yau tana nan.

"Na ga ka san ta," ya ce. "Ka tahi ka tambaye ta. In ta rantse ba a yi ba, ni mai ba ka ɗiyata ne, ko duniya za ta taru a kaina. In kuwa ta ce an yi, to ka ji sauran. Mutanen Alhaji Harisu za su dawo ranar Asabar. Ban ce zan ba shi ba, sai abin da yarinya ta ce. Amma ba ni da sauran abin da zan ce su jira. Ɗiyana maza ƙanana ne. In ka tabbata wanta ne, ina so ka zo ka zamna kusa da ni."

Na ɗauki hanyar Ƙanƙara bayan azahar. An yi ruwa da safe, hanyar duk taɓo, sau biyu ina sauka in tura babur. A duk tsawon tafiyar abu guda nake juyawa: ba dole ne in tambaya ba. Ina iya kwana a Ƙanƙara, in koma in ce Gwaggo ta rantse. Ita ba za ta tona ba, tunda wata huɗu ta yi tana rufewa. Na tsara ƙaryar tsaf, har da kalmomin da zan sa a bakinta. Na tarar ina iya tsara ta. Abin da ban sani ba shi ne ko zan iya zama da ita shekara arba'in, tana kwance tsakanina da matata.

Na iske Gwaggo ta idar da la'asar, tana kan buzu da carbi. Na gaishe ta. Ban kawo aya ba, ban kawo tarihi ba. Na ajiye ƙyallen a gefen buzun.

Carbin ya tsaya.

"Uwarka Fatsuma ba ta ƙone shi ba ke nan," ta ce. "Na ce mata ta ƙone shi."

"Gwaggo, kalma ɗaya nake so. In kin ce ba a yi ba, za a ba ni ita."

Ta ɗago ta dube ni. A rayuwata ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba sai ranar.

"Haka sunka ce?"

"Haka Malam Labaran ya ce."

"Kuma kai mi kake so in ce?"

Ta ga amsar a fuskata, ta kawar da kai.

"Ubanka ya sa na dafa Alƙur'ani ba ni faɗi. Na zaci in na tsaya a kan a'a za ka gaji ka bari, in tsira da rantsuwata, kai ka tsira da addininka. Na manta kai ɗan wane ne." Ta ɗauki ƙyallen ta shafa jan zaren da babban yatsa. "Ka yi ta ce mini mai ƙyamar mutane. Ni da na durƙusa gaban matar nan ina kuka, ta karɓe ka ba ta tambayi ko sunan ubanka ba."

"An yi ke nan."

"Kwana goma sha tara. Ni na goya ka na kai, ni na ɗauko ka."

Na zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙen yashi, da wandon ofis. Ban yi kuka ba. Na ji dai kamar an kwashe kayan ɗaki an bar ni a tsakiya.

"Yarinyar ta sani?"

"Ta sani."

"Uban fa, mi ya ce?"

Na gaya mata maganar Asabar, da wurin da aka ce in zauna.

Ta ci gaba da shafa ƙyallen har ladan ya fara gyaran murya a masallacin unguwa. Sannan ta miƙe da ƙyar, tana dafa bango.

"Gobe zan tashi da azumin kaffara, tunda na karya rantsuwa. Kai kuma ka kai babbar rigar ubanka a buga. Mutanen nan masu kuɗi ne, za su zo suna duba wa ke bayanta. Ba a barin ƙanwa ta ji kunya gaban baƙi."